Shafi na Biyu

Tun ƙarfe bakwai motoci shida ke jere a harabar kamfanin rarraba magunguna, an bar injunansu a kunne saboda firij, direbobi sai kai da kawo suke. Shafin manhajar da ke fitar da takardun lodi ya ƙi buɗuwa.

Injiniya, wadda duk matsalar kwamfuta ke ƙarewa a teburinta, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake tashi. Ƙarfe tara ya kamata ta kai mahaifiyarta a cire mata bandejin ido. Ta kira ƙanwarta.

"Auta, ke ki kai Mama. Ki ba ta haƙuri."

"Yaya, tun ɗazu ta rataya jaka tana jiranki fa."

"Na sani. Ki dai ba ta haƙuri."

Manaja ya shigo yana share gumi. "Masu manhajar sun ce sai la'asar."

"Fuskar ce ta mutu, ranka ya daɗe, cikin yana nan da ransa. Akwai ƙofar da kwamfuta ke yi wa kwamfuta magana, API. Ta nan zan bi."

Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ta jera layi goma sha biyu: adireshin manhajar, mabuɗin shiga, ranar yau. Ta danna. Amsa ta dawo a taƙaice: ba a san ta ba, mabuɗin ya tsufa. Manaja ya lalubi sabo a wayarsa, yana karanto mata harafi-harafi, tana shigarwa. Waje wani direba ya danna hon. Karo na biyu waƙafi ɗaya ta manta. A na uku rubutu ya zubo, ya cika allon. Firinta ta kama aiki, aka yi ta lodi a guje.

Mota biyu sun fita ke nan Baba Sito, tsohon mai kula da ɗakin ajiya, ya shigo da kwafin takardun a hannu, yana lasar yatsa.

"'Yata, ɗari cif na ƙirga. Shekarata ashirin a nan, ban taɓa ganin oda ta zo cif ba. Kuma ina ƙaramin asibitin bayan gada? Duk Talata suna karɓar allurar masu ciwon suga."

Injiniya ta koma kan allon. Ta gangara can ƙasan amsar, ta ga wani ɗan layi da ta tsallake: akwai saura a shafi na gaba. Manhajar ɗari-ɗari take bayarwa. Ta ƙara umarnin da zai ci gaba da tambaya har sai an ce babu. Oda talatin da bakwai suka fito, ta asibitin ce ta huɗu.

Dogo, direban da ke bin wannan hanya, ya riga ya wuce shataletale. Ta kira shi a waya.

"Hajiya, in juyo cikin cunkoson nan?"

"Ka juyo, Dogo. Laifina ne, ba naka ba."

Ya yi tsaki, amma ya juyo. Katan uku aka ƙara masa.

Da harabar ta yi shiru, ta sake tura umarnin, ta gwada da takardun. Ɗari da talatin da bakwai. Ta kuma turawa, lissafin bai canja ba. Baba Sito ya jawo kujera kusa da ita, ya gyara tabarau.

"Nuna min layin nan da ya ce akwai saura."

Ta ɗora yatsa a kai. Ya zaro biro, ya kwafe shi a bayan wata tsohuwar takardar lodi, ya ninke ta ya sa a aljihu.