Sai Kwamiti Ya Zauna

Ni na rubuta dokar da hannuna, saboda haka kada wani ya zo yana ce min ba laifina ba ne. Na gaji da jin wannan.

Sunana Scholastica Kumai. Shekara shida ke nan ina kula da komfutocin asibitocin ikkilisiyarmu: babban yana Kafanchan, ƙanana biyu a Manchok da Kagoma. Kowane sashe da manhajarsa. Masu kati suna da tasu, masu gwajin jini suna da tasu, ɗakin magani ma haka, kuma ba mai leƙa tukunyar wani. In ɗakin magani yana son bayanin mara lafiya, manhajarsa za ta tambayi ta kati, ita kuma ta amsa: suna, shekaru, ƙauye, da maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Akwai shekarar da kowa ya riƙa taɓa tasa yadda ya ga dama har komai ya dagule. Shi ne na zauna na rubuta cewa ba mai canza ko layi ɗaya a wannan amsar sai kwamiti ya zauna, ciyaman ya sa hannu. Har tafi aka yi min, ni kuma kai ya kumbura.

Wata Litinin a tsakiyar damina, Rosemary mai ba da magani a Manchok ta kira ni.

"Schola, wurin nan da ke nuna ja in mutum ba ya shan wani magani, kwana biyu ban ga ya nuna ba. Ko duk mutanen sun warke ne?"

Na bincika, sai ga aikin Derrick, mai kula da manhajar kati. Wai ya ga sabis ba ƙarfi a Manchok, shi ne ya rage layukan da "ba mai amfani da su" don saƙo ya yi sauri. Bai faɗa wa kowa ba. Tun ranar, ɗakin magani na tambaya, amsa na zuwa ba layin maganin da jiki ba ya ɗauka, allo kuma ya nuna fili fes kamar ba matsala. Na buga sunayen waɗanda abin ya shafa. Mutum arba'in da ɗaya. Na tara a jerin shi ne Malam Obadiah Asher, wanda ya koyar da ni a firamare. Jikinsa ba ya ɗaukar penisilin ko kaɗan.

Na yi wa Derrick tas, har masu shara suka tsaya kallo. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Anti Schola, gyaran minti goma ne. Amma in na sake taɓawa ba sa hannu, laifi biyu ke nan a kaina. Ke kika rubuta fa."

Ni ce gaba da shi. Da na ce masa gyara, na ɗauki nauyi, da ya gyara. Ban ce ba. Na ji kunyar a ce mai dokar ce ta fara take ta.

Na tafi wurin ciyaman, Rabaran Gershon, wanda ya yi min baftisma, abokin marigayi babana. Na rusuna na yi bayani.

"Za mu zauna Talata, ɗiyata," in ji shi. "Amma kada maganar ya fita waje. In mutane sun ji, kowa zai koma kemis, a can ne za su mutu da gaske."

"To, Baba."

Ranar Talata aka yi jana'izar wani dattijon ikkilisiya a Kagoma, kwamiti gaba ɗaya ya kwashe ya tafi. A wurinmu ba a ƙin zuwa jana'iza. In ba a ga fuskarka ba, har jikokinka sai sun ji labari. Talata ta gaba mutum biyar suka zo, amma Baba yana taron fastoci a Kajuru. Na roƙi mataimakinsa ya jagoranci zaman. Ya dubi kujerar Baba, ya ja tasa baya.

"Haba, Schola! Yana da rai da lafiya in hau kujerarsa? Wa zai buɗe da addu'a ma?"

Aka sha lemo aka watse. Raina ya ɓaci.

Ranar Alhamis na ɗauki takardar neman izinin gyaran zuwa gidan Baba Rabaran. Na yi awa biyu a falo. Aka kawo doya da miya, ya tambayi ƙafar mamana, ya tambayi citta a gonarmu. Da kyar na iya zaro takardar daga jaka, don yaro ba ya miƙa wa babba biro a gidansa. Ya yi murmushi ya mayar min.

"Ba ke kika koya mana cewa hannun ciyaman shi kaɗai bai isa ba? Talata ai kamar gobe ne."

A wannan tsakanin Rosemary tana tambayar kowa da baki kafin ta ba da magani, ta kuma manna jerin sunayen a cikin durowarta. Da wannan na riƙa lallashin kaina.

Ranar Asabar na haɗu da Malam Obadiah a wani biki a Manchok. Ya kama kunnena a gaban mutane, yana ba su labarin yadda bakwai sau takwas ta sa ni kuka a aji huɗu. Maganar tana bakina. Jimla ɗaya ce: Malam, in ka je asibiti, ka faɗa musu da bakinka. Na hango Baba Rabaran a ƙarƙashin rumfa yana gaisawa da mutane, sai na yi dariya kawai na wuce.

Litinin surukar Rosemary ta rasu, aka turo wata sabuwar nas daga Kagoma ta riƙe mata. Ba wanda ya gaya mata zancen durowa, tunda an ce kada magana ta fita. Da hantsi Malam ya zo da ƙafa a kumbure, fartanya ta sare shi kwana uku da suka wuce. Yarinyar ta yi abin da aka koya mata: ta duba allo, ta ga fili, ta yi masa allurar penisilin. Kafin motar da ta ɗauko shi ta iso Kafanchan, numfashinsa ya tsaya.

Washegari kwamiti ya zauna, kowa ya zo a kan lokaci. Minti huɗu aka yi a kan takardata. Derrick ya gyara kafin a rufe da addu'a.

Da na je gaisuwa, matarsa Mama Theresa ta ja ni ɗaki daga cikin matan zumunta da ke waƙa a tsakar gida. Ta riƙe hannuna tana min godiya da na zo. Sai ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Malam, ta zaro wata 'yar takarda da ta yi laushi saboda ninki.

"Wani likita ya rubuta masa sunan maganin da jikinsa ba ya ɗauka tun kafin a haife ki," ta ce. "Shekara talatin da wani abu yana yawo da shi a aljihu, ko gona za shi. Ranar da kika zo majami'armu kika ce yanzu komfuta ta san kowa, ya dawo ya ajiye a nan. Ya ce, ɗalibata ce, aikinta ba ya kuskure." Ta sa min takardar a tafin hannu. "Ki duba min, ɗiyata. Ba na iya barci. Ko mu ne ba mu ba ku sunan maganin daidai ba?"

Na duba. Daidai suka ba mu.