Gaban Makara

Duk unguwar Ali Kazaure babu wanda bai san kafaɗun Jabir ba, don shi ma bai bari an manta ba. Sanyin Jos na sa mutane saka rigar sanyi biyu, gogan naka kuwa sai singileti. Manyan gwangwanayen madara ya cika da siminti, ya soka ƙarfe a tsakani, yana ɗagawa a ƙofar gida daidai lokacin da 'yan mata ke wucewa Islamiyya.

Mahaifinsa, Malam Bala, tsohon ɗan dako a kasuwar Katako, ya daɗe a kwance. Abu ɗaya ya roƙa.

"Ranar da ta Allah ta kasance, kai za ka riƙe gaban makarata."

"Allah ya ba ka lafiya, Baba. Amma in ta kama, ni kaɗai ma na isa!"

Ashe kafaɗar Jabir ta dama ta fara gocewa. In ta fita sai ya doka ta da bango ta koma. Da abin ya ishe shi ya je asibiti, Sista Suzana mai gashin ƙashi ta ɗora dunƙulen hannunta a kan tafin ɗayan.

"Kan ƙashin hannunka kamar lemo ne a kan ɗan faranti, ramin ba zurfi. Ƙananan tsokoki huɗu ne a ciki suke riƙe shi. Wannan ƙatuwar ta waje da kake nuna wa duniya, ba ita ke gadin gidan ba."

Ta miƙa masa yankin robar tayar keke. "Ajiye siminti, ka riƙa jan wannan a hankali."

Roba! Shi Jabir? Kai, an raina maza. Ya ɗaure buhun gawayi da ita, ya ƙara wa gwangwanayen siminti.

Malam Bala ya cika. Ana idar da sallar gawa Jabir ya ture mutane, ya cafki gaban makara, ya cilla ta sama zai aza a kafaɗa. Ƙwas! Kafaɗa ta goce, makara ta karkata, jama'a suka ɗauki salati. Mahdi tela, wanda Jabir ke kira tsinken sakace, shi ya yi wuf ya sa tasa kafaɗar.

Har maƙabarta ana karɓa-karɓa, maƙwabta, 'yan dako, har da masu wucewa. Jabir na can baya, hannu na lilo, yana kuka wiwi. Kowa ya ɗauki Malam Bala ranar, ban da ɗansa.