Tsofaffin Wilin Zayyanu

Noti na uku ne ya ƙi shiga. Mai faci ya kafa sifana, ya sa ƙafa ya taka, ƙarfe ya yi wata muguwar ƙara, amma sabon wilin nan mai walƙiya ya zauna a karkace jikin motar.

"Kai, tsaya! Mi kaka yi haka?" in ji Zayyanu.

"Sabunta ta. In an matsa zai zamna."

Zayyanu tela ne a Ƙofar Dundaye, wannan kuwa ita ce motarsa ta farko, 'yar gwanjo da ya sha taka keken ɗinki kafin ya mallaka. Yau da la'asar za a kai ƙanwarsa Balkisu gidan miji a Wamakko. Tun rasuwar mahaifinsu ya yi mata alkawarin shi zai kai ta da kansa, a motarsa. Kwatsam sai Baffa Abdulwahabu, ƙanen mahaifin nasu, ya dubi baƙaƙen wilin ƙarfen motar a gaban mutane, ya ce ɗiyar ɗan'uwansa ba za ta shiga akwala mai ƙafafun amalanke ba, ga jif ɗinsa nan. Maganar nan ta ci wa Zayyanu rai ƙwarai. Jiya bai zame ko'ina ba sai wajen masu kayan mota, ya ɗauko wili huɗu farare tas.

Ya duba girma, daidai da tayoyinsa. Ya ƙirga ramuka, biyar da biyar. Abin da babu wanda ya ce masa uffan a kai shi ne tazarar da ke tsakanin ramukan, ashe ita ma kowace mota da tata. Ko ɗaya bai gwada a jikin motar ba. Kyau ya gani, ya biya, ya fito yana washe baki.

Ya kira Sodangi, mai shagon da ya sayar masa da wilin.

"Kayan da sunka fita ba su dawowa," in ji Sodangi cikin waya. "Kai ma mai walda shi ɗan buɗa ramukan. Kowa haka shika yi."

"Awo," mai faci ya karɓe. "Ɗan goga kaɗan na, Malam, kahin azahar ka tashi motarka."

Gaskiya zuciyar Zayyanu ta so. Ya hango kansa ya tsaya a ƙofar gida, wili na ɗaukar ido, Baffa ya rasa ta cewa. Ya tsuguna ya zura yatsa cikin ramin. Sau nawa aka kawo masa rigar da aka faɗaɗa ramin maɓallinta da reza? Ta rufu a shago lafiya lau, mutum na sunkuyawa ta ɓalle. Ga hanyar Wamakko da gargada, ga Balkisu a baya tsakanin tsofaffi biyu. Ya miƙe ya dubi mai faci.

"Cire shi. Mayar min da tayoyina kan tsofaffin wilina."

"To ina tsofaffin?"

Innalillahi! Shi da hannunsa ya loda su a Keke Napep da safe, ya aika wa Gwaggo Dijatu ta yi murhun girkin biki da su, don ya riga ya yanke cewa shi da su har abada. Wilin da ya sha wuta kuwa ya tashi daga aiki.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi zuwa Ƙofar Taramniya ya sha tsawa a hanya. Zayyanu ya faɗa gidan bikin ko sallamar kirki babu. Ga wilinsa huɗu a jere tsakar gida, an cusa musu itace, an yayyafa kananzir, an ɗora manyan tukwane. Gwaggo na riƙe da ashana.

"Gwaggo, kak ki kunna! Don Allah!"

"Kai Zayyanu, lahiyarka? Ka yi min kyauta da sahe, ka zo karɓa da hantsi?"

"Zan ɗauko miki duwatsu. Ko a kaina ne."

Mata suka sa shewa, wata ta ce ashe telan ya fasa zama Alhaji. Ya naɗe hannun riga ya sauke tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta sha gabansa ta ce sai ya faɗa mata dalili. Ya faɗa mata, bai rage komai ba, har da wautarsa. Ta zuba masa ido, ta yi tsaki, ta soke ashanar a ɗankwali.

La'asar sakaliya motoci suka jeru a ƙofar gida. Zayyanu ya shigo da tasa ya tsaya gaba da jif, daidai bakin zaure. Ya wanke wilin har sau biyu, duk da haka suna nan baƙaƙe ƙirin, suna warin kananzir.

Baffa Abdulwahabu ya zagaya motar yana gyara babbar riga.

"Na ji labari. Wato bisa murhu za a kai amarya?"

"Bisa murhu, Baffa," in ji Zayyanu. Bai matsa daga jikin ƙofar motar ba. "Notinsu duk sun zamna."

"Janye abin ga ka ba mutane wuri."

"Ka yi haƙuri, Baffa. Ba ni janyewa."

Sai ga guɗa daga cikin gida, aka fito da Balkisu lulluɓe tana shessheƙa, Gwaggo riƙe da kafaɗarta. Baffa ya buɗe ƙofar jif da kansa. Balkisu ta ja ta tsaya. Daga cikin mayafi muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Yaya, buɗe min."

Gwaggo ce ta fara cusa kai ciki. Ta shaƙi iskar motar, ta yamutsa fuska.

"Ka sa na yi girki bisa duwatsu, shinkafa ta kama. To ja mu a hankali, ɗan nema."

Zayyanu ya tada mota. A madubi ya ga jif ɗin Baffa ta biyo bayansa. Ya saki sitiyari kaɗan don ya ji, motar ta miƙe sak.