Baba Ya Ƙi Matuƙin Jirgi

Auta ta kusa shekara biyu tana rubuta littafin soyayya guda ɗaya, kuma har yanzu jarumin bai buɗe baki ya ce yana son jarumar ba. Ba laifinsa ba ne. Duk ranar da ya shirya, sai wani ya turo ƙofar shagon wanki da guga inda take aiki, ya dire mata ƙunshin labule a kan tebur, ya ce gobe yake so. A waya take rubutun, da babban yatsa, tsakanin wannan mai kaya da wancan, zafin dutsen guga na dukan ƙeyarta daga ɗakin baya. In ta koma gida kuma ga girkin Baba, ga wani shiri mai dogon zango da take bi a talabijin, wanda ta rantse ba don nishaɗi take kallonsa ba, koyon aiki take yi. Yayarta, da ke aure a ƙarshen layinsu kuma ba ta rasa dalilin leƙowa, ta ce in dai koyon aiki ne ai yanzu ta isa ta buɗe makaranta.

Ana cikin haka aka yi wa Baba aikin cire yanar ido. Likita ya rufe idon da auduga, ya ce ba talabijin, ba jarida, ba fita rana, sai ya ba da izini. Baba tsohon direban babbar mota ne, tun da ya ajiye tuƙi ba abin da ke raba shi da kallon kokawa. Yaya ta san halinsa, don haka ba ta tsaya jan magana ba, ta zare wayar wutar talabijin ta jefa a jaka ta tafi da ita gidanta.

"Yaya, ni fa? Ni ma an yi min aikin ne?" in ji Auta. "A satin nan matar cikin shirin nan za ta gane mijin da ta binne bai mutu ba."

"To ki yi masa addu'a ya ƙara lafiya," Yaya ta ce, ta ja ƙofa.

Falon ya yi tsit. Baba ya zauna a kujerarsa ta gefen taga da baƙin tabarau, yana sauraron ƙarar firji. Ya yi wa agogon bango faɗa. Ya ce shayin ya yi sanyi, aka ɗumama, ya ce ya ƙona masa harshe. Wata rana da yamma Auta ta dawo aiki, ta kwanta a doguwar kujera tana ƙoƙarin kai jaruminta bakin ƙofar jarumar, sai ta ji muryarsa.

"Wai ke me kike latsawa kullum kamar mai kashe kuɗin cizo?"

"Rubutu ne, Baba."

"Na me?"

"Labari ne kawai."

"To karanto min."

Ta ce ba irin nasa ba ne. Ya ce shi yanzu ko takardar da ke cikin kwalin magani aka karanta masa zai saurara. Ta ce batir ya kusa mutuwa. Ya ce ga soket nan kusa da ƙafarsa. Da ta ga ba hanyar zillewa, ta gyara zama, ta fara daga babi na ɗaya, fuskarta kamar wadda aka sa ta shan maɗaci.

Labarin wata malamar makaranta ce da wani matuƙin jirgin sama, dogo, mai ƙamshin turare, wanda ba ya dariya sai murmushi da gefen baki. Auta ta sha wahala a kan murmushin nan. Matsalar ita ce akwai abubuwan da ba a karanta wa uba. Don haka duk inda ta rubuta cewa ya kama hannunta, sai ta karanta cewa ya gaishe ta. Inda ya tsura mata ido har numfashinta ya ɗauke, nan ma ya gaishe ta. Kafin su kai babi na huɗu Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan yaron gaisuwarsa ta yi yawa. Ba shi da aiki ne?"

"Matuƙin jirgi ne, Baba."

"To yaushe yake tuƙin? Ni dai tun ɗazu a ƙofar gidan mutane nake jin sa."

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki ta ci gaba. A babi na shida mahaifiyar malamar ta kwanta ciwo, wani mai kemis da ke maƙwabtaka da su ya rufe shagonsa ya kai ta asibiti. Auta ta sa shi ne kawai don wani ya tuƙa motar, ko suna ba ta ba shi ba. Baba ya cire hannu daga tagumi.

"Yauwa. Ga mutum. Wannan shi za ta aura, ko?"

"A'a, Baba. Shi wucewa kawai yake yi."

"Wucewa? Mutum ya rufe shago da rana tsaka saboda uwarki, ki ce wucewa yake yi? Ina mai turaren yake a lokacin?"

"Yana sama."

"Ai kin ji."

Washegari ta dawo aiki ta tarar da takalma a bakin ƙofa. Baba ya gayyato abokansa biyu: Tela, wanda ya bar ɗinki ga 'ya'yansa ya koma sana'ar ba da shawara, da wani tsohon soja da kowa ke kira Kofur, kunnensa ɗaya ba ya aiki. Sun zo dubiya, in ji su, amma sun jera kujeru suna fuskantar inda take zama, kuma Baba ya riga ya ba su labarin tun daga farko, da nasa gyare-gyaren.

"'Yata, zauna ki huta," in ji Tela. "In kin huta sai ki ɗora mana daga asibitin."

Ko takalminta ba ta cire ba.

Haka yammacinta ya koma. Ta tsaya wuni guda tana karɓar rigunan mutane, ta dawo ta dafa shayin tsofaffi uku, ta zauna tana karatu da ƙarfi saboda Kofur, wanda duk lokacin da ta rage murya a wurin da ya kamata a rage, sai ya karkato da kunne ya ce, "Me ya ce mata?" Dole ta maimaita, da ihu, cewa idanunta sun hana shi barci. Tela ya goyi bayan matuƙin jirgin, don a ganinsa mutumin da ya san darajar guga ba zai wulaƙanta mace ba. Baba yana nan kan mai kemis. Kofur kuwa ya ce duka biyun ragwaye ne, yarinyar ta nemi ƙarin karatu. Sukan bar ta riƙe da waya su yi ta musu a kan mutanen da ita ta ƙirƙiro, kamar ba ta wurin. Da ta ce ai ita ta san abin da ke zuciyar malamar, Baba ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san mata ba."

Abin da ta riga ta rubuta ya ƙare a cikin 'yan kwanaki, su kuma ba su daina zuwa ba. Ranar da ta ce ba sabon abu, Tela ya tambaye ta to me take yi a shagon tun safe. Sai ta koma rubutu a cikin motar haya, gwiwar wani a haƙarƙarinta, da lokacin cin abincin rana, cokali a hannun hagu. Uwar ɗakinta ta kama ta ta manna lambar kwat ɗin wani a jikin zanin gadon wata, ta ce in soyayya ce ke damun ta ta faɗa a taimaka mata.

"Soyayyar wasu ce, ranki ya daɗe," in ji Auta. Matar ta dube ta, ta girgiza kai.

Abin da ya ƙure ta ya faru ranar hutunta. Ta roƙi wata abokiyar aikinta ta turo mata kashi na ƙarshe na shirin nan a waya. Ta yi shara, ta ɗiga wa Baba magani, ta shige ɗaki ta sa abin ji a kunne. Ko waƙar farko ba a gama ba Yaya ta banko ƙofa, ɗauke da kwanon abinci.

"Au, wannan kike kallo? Kada ki ɓata data. Ashe ba mijin ba ne, tagwayensa ne. Shi mijin ya mutu da gaske. Kuma ita ma a ƙarshe mota ta kaɗe ta."

Auta ta zare abin kunnen a hankali.

"Yaya, me na yi miki a duniya?"

"Taimakon ki na yi. Af, Baba ya ce in faɗa miki mai kemis ɗin nan ya kamata a ba shi suna. Ni ma na ga hakan. Kuma ki rage masa tumbi."

"Ban ce yana da tumbi ba!"

"Baba ya ce yana da shi."

A wannan yammacin ta rubuta babi mafi sauri a rayuwarta. Ta sa mai kemis ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ya sayar da shagon, ya hau jirgi. Don ta huce sosai, matuƙin nan ne ya tuƙa shi. Ta karanta musu da murya mai daɗi, ba ta tsallake ko kalma ba. Tela ya yi tafi. Kofur ya ce, "Wa ya tafi?" Baba kuwa ya miƙe. Ya lalubi sandarsa ya shige ɗaki.

Da lokacin magani ya yi ta bi shi da kwalbar, ta tarar ya juya wa ƙofa baya.

"Baba, kawo idon."

"Bar shi."

"Likita ya ce kada a tsallake."

"Likita bai san abin da ake yi wa mutanen kirki a gidan nan ba."

"Baba, mutumin nan fa babu shi. Ni na ƙirƙiro shi. Don ya tuƙa mota kawai."

"To da ya gama tuƙa motar sai ki yar da shi. Haka ake yi wa direbobi, na sani."

Ta tsaya da kwalbar a hannu, bakinta a buɗe. Ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta kuma so ta wurga wayar ta taga. Daga baya ta zauna a bakin gadon. Shi ne ya ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba, yana kallon bango: yadda ya fara ganin mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ranar da ya ɗauki kakarsu a gaban motarsa zuwa asibiti, da yadda a lokacin akwai wani ma'aikacin banki mai sheƙin takalmi da ke zuwa wurinta. Bai ja labarin ba. Ya ce ita dai ta san wanda ta zaɓa.

Auta ta ce to ta ji, za ta dawo da shi. Ya juyo, ta ɗaga audugar, ya buɗe idon.

Dawo da mutum daga wata ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da ta sa kamfanin da ya ɗauke shi aiki ya rushe, ta nemo masa wani shago, ta ba shi ƙanwa da ciwon baya da wata tsohuwar mota mai gardama. Abin haushin, yana dawowa labarin ya tashi. Matuƙin jirgin da ya shekara yana murmushi da gefen baki ya ga abokin takara, ya rikice, ya je ya faɗi abin da ke ransa a tsakiyar filin makaranta, gaban ɗalibai. Auta ta rubuta wurin tana tsaki, don ta san daga ina gyaran ya zo, kuma ba ta da niyyar gode wa kowa.

Saura babi biyu a gama, likita ya cire audugar ya ce ido ya yi kyau. Yaya ta dawo da wayar talabijin. A ranar Auta ta shigo da sabon babi a shirye, har ta sayo biskit na baƙi, ta tarar da su ukun sun juya kujerun, wasu ƙarti biyu na maƙure juna a allo.

"Baba, na rubuta wurin da za ta zaɓa."

"Ajiye, ajiye. Kofur, dubi wannan shegen zai hau igiya!"

Ta tsaya a bayansu da waya a hannu. Ba wanda ya waiwayo. Tela ne kawai ya miƙo hannu ta baya ya karɓi biskit ɗin.

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da ƙarfin da ya fi na kullum. Shirun da ta yi ta roƙo ya samu, sai ga shi ta kasa rubuta layi ɗaya, don duk jimlar da ta fara sai ta ji tana jiran wani ya katse ta. Sai da ta yi kusan sati tana fushi da su, da kanta, da littafin, kafin ta zauna ta ƙarasa shi a shagon, wata rana da aka yi ruwa ba mai kawo kaya.

Malamar ta auri matuƙin jirgin. Littafin Auta ne, kuma tun farko haka ta nufa. Shi kuwa mai kemis, ta ba shi wata ma'aikaciyar jinya mai haƙuri, da shago na biyu.

Ta jira aka tafi talla, ta tsaya tsakanin Baba da talabijin, ta karanta masa shafin ƙarshe da sauri. Ya saurara har ƙarshe, yana leƙen gefenta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma za ta yi nadama." Ya ɗaga mata hannu. "Matsa, an dawo."