Lokar Saman Kujera

"Har yanzu muna ƙasa, Kawu," in ji Auta ta cikin wayar. "Wai murfin lokar kaya ne ya ƙi rufuwa. Murfi fa. A kan murfi suka zaunar da mu."

Kafinta ya janye wayar daga kunnensa ya dubi gadon. Ya so ya fice tsakar gida da maganar, amma ya makara, Mai Jirgi ya riga ya buɗe ido. Mutumin da tun safe ake kira ba ya amsawa, kalmar loka kaɗai ta dawo da shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun kawunansu na baƙi. Mai Jirgi bai taɓa tuƙa jirgi ba, yaran layi ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har furfura. Aikinsa gyare-gyare ne a cikin jiragen sama na fasinja: lokokin da ke saman kujeru, sakatunsu, da fitilun da ake ɓoyewa a bayansu don haske ya bi silin ba tare da ya soki ido ba. Kafinta ba ya gajiya da tsokanarsa. "Kabad dai kabad ne, ko a sama ko a ƙasa. Mu biyu duk kafintoci ne, kai dai ka fi ni kaki." Shi kuma ya ce, "Naka in ya buɗe kwano ne zai faɗo. Nawa kan mutum ne a ƙasa."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, abin da ya fara roƙa shi ne Kafinta ya buga masa katako a bango, ƙasa kaɗan da silin, a tura fitilar ɗakin bayansa. Kafinta ya yi aikin yana mita, amma ya yarda a ransa ɗakin ya fi daɗin kwanciya. A ƙarƙashin wannan hasken ne likita ya tattara kayansa shekaranjiya ya ce a kira nasa. Nasa kuwa Auta ce kaɗai, tun da uwarta ta rasu, ga ta kuma tana aiki a nesa, sai ta hau jirgi biyu kafin ta iso. In na farko ya makara na biyun ba zai jira ta ba, wani kuma sai gobe. Duk wanda ya ji numfashin Mai Jirgi ya san gobe ta yi masa nisa.

Mai Jirgi ya motsa yatsu. Kafinta ya buɗe muryar wayar ya kai ta kusa da bakinsa.

"Wace loka?"

"Baba? Baba, kana jina? Ina hanya wallahi."

"Wace loka?"

"Ta saman kaina ce ma. Sun kwashe kayan ciki, wai ana jiran makaniki. Mutane sai faɗa suke, a manne ta kawai mu tafi. Ni ma na faɗa musu, na ce ubana ba shi da lafiya."

"Ta sauko?"

"Gefe ɗaya ya ɗan sauko. Baba, bar wannan. Yaya jikin?"

Kafinta ya sunkuya sosai. Tun satin jiya Mai Jirgi ke cewa yana da maganar da zai gaya wa yarinyar nan, sai ta zo. To ga ta a kunnensa, ga ɗan ƙarfi Allah ya ara masa. Kafinta ya riƙe numfashi yana jiran albarka, ko neman gafara, ko wasiyya.

"Tashi daga ƙarƙashinta," in ji Mai Jirgi.

"Baba..."

"Ki canza kujera. Kada ki yi musu faɗa. Gaskiyarsu ce."

Ta cikin wayar ana jin hayaniyar fasinjoji da kukan wani jariri. Da Auta ta sake magana muryarta ta karye, ta kuma yi zafi.

"Ni ina neman yadda zan iso ka, kai kana goyon bayansu. Kullum loka, Baba. Tun ina ƙarama loka." Ta ja hanci. "Ga makanikin ya shigo. Zan kira."

Ta kashe. Haushi ya turnuƙe Kafinta, na uban da na 'yar gaba ɗaya, ya rasa wanda zai fara zagi. Ya ce, "Kai dai ba ka da dama. Maganar ke nan da ka ajiye mata?" Idon Mai Jirgi na kan silin.

Ba ta kira ba. Can da rana ta karkata saƙonta ya shigo cewa an rufe ƙofa za su tafi, daga nan wayarta ta mutu. Matar Kafinta ta kawo ruwa a kofi, suka riƙa jiƙa wa Mai Jirgi leɓe da auduga. A waje wani na ta fama da babur da ya ƙi tashi.

"Ta tashi?"

Da ƙyar Kafinta ya ji muryar Mai Jirgi. "Sun tashi, suna sama yanzu. Ka daure, tana tafe."

Mai Jirgi ya juya kai a kan filo, fuskarsa ta nuna wahala irin ta wanda ba a gane shi ba.

"Daga wurin."

Ƙarƙashin lokar yake nufi. Kafinta bai sani ba, kuma babu hanyar da zai sani. Ya kama hannun da ya zama ƙashi da fata ya ce, "Ta tashi. Ta koma can baya."

Hannun ya saki kaɗan. Bai sake magana ba, kafin inuwar katanga ta kai ƙofar ɗakin ya cika.

Kiran Auta ya shigo ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tana haki take faɗa masa ta yi gudu har takalminta ya cire, amma jirgi na biyun ya tafi. Kafinta ya bari ta gama. Sannan ya gaya mata. Babu abin da ya ji sai muryar wata mata a lasifika tana kiran fasinjojin wani wuri.

Ta iso washegari da yamma, an riga an kai shi. Ta ratsa masu gaisuwa ba ta ga kowa ba, ta tsaya a bakin ɗakin da ƙaramar jakarta. An naɗe katifa, gadon ya rage katako tsirara.

"Kawu, bayan na kashe wayar, ya ce wani abu?"

"Ya tambaya ko kin tashi daga ƙarƙashin lokar. Na ce masa kin tashi." Ya san bai kamata ba, amma bakinsa ya riga shi. "Kin tashi ɗin?"

Ta girgiza kai. "Haushi nake ji. Na ƙi."

Kafinta ya miƙa hannu zai karɓi jakar, ta ƙi saki. Ta shiga ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da ƙafar gadon, ta ɗora jakar a cinya ta rungume ta da hannu biyu.