Kanwar Audi

Barakatu ba ta gama cire takalmi ba mai gari ya tura mata littafin rubutunta a kan tabarma.

"Malama, wanga hannunki ne?"

Hannunta ne. Labarin Audi ne a ciki, ɗan fashin da kowa a Yankara ya tashi yana jin sunansa, wanda a zamanin Turawa yake kwance shanun da aka kama saboda jangali ya mayar wa masu su. Tsofaffi sun ce layar zana gare shi. Ita da aka turo ta koyarwa a sabuwar firamaren gwamnati, sai ta ga 'yan matan aji shida suna hamma duk lokacin da aka zo karatu. Shi ya sa ta mayar da Audi budurwa, ta sa mata suna Nana, ta kuma cire layar. Nana ba ta da komai sai dunƙulen kanwa a zani. Ta lasa wa shanu, su biyo ta shiru, ta bi da su ta cikin rafi don sawu ya ɓace. Yara suka haddace labarin, har a kasuwa ana jinsa a bakinsu.

"Jiya da rana tsaka an kore shanun Alhaji Rabo bakwai," in ji mai gari. "Sawu ya ƙare bakin rafi. Kin san mi aka tsinta wurin?"

Ya buɗe tafinsa. Ɓarɓashin kanwa ne.

Alhaji Rabo yana gefe yana huci, sabon agogonsa sai walƙiya yake yi. "A tambaye ta wa take ma aiki! Yaushe ta san shanu, 'yar boko?"

"Ranka ya daɗe, ƙirƙira na yi," ta ce.

Wani tsoho da ke jingine da bango ya gyara zama. Baba Gide ne, wanda ya yi ɗan doka a zamanin Audi.

"Ɗiyata, ba ki ƙirƙira ba. Mun sha tsintar kanwa bakin ruwa, kuma ba wanda muka hwaɗa mawa. Wanda ya ba ki wanga labari ya san Audi."

Mai gari ya ba ta zuwa la'asar. Ko ta kawo sunan wanda ya gaya mata, ko ya haɗa ta da 'yan sanda, aikin ma ta yi sallama da shi.

Tsoro ya kama ta sosai, domin sunan da ake nema a gidansu yake. Goggo Fatsuma ce, yayar mahaifinta, tsohuwar da ta biyo ta Yankara don kada a ce budurwa na zaune ita kaɗai. Ita ta ba ta zancen kanwar, tana tsinkar zogale, kamar ba komai ba. A hanya Barakatu ta riƙa tuno abubuwan da ba ta taɓa kula da su ba. Ga tabon igiya a tafin Goggo. Ga yadda bijimin maƙwabta, mai korar maza, yake sunkuyar da kai in ta wuce.

Ta same ta tana ɓarar gyaɗa, ta kwashe komai ta gaya mata. Goggo ba ta ko ɗago ba.

"Kanwar da yawa suka tsinta?"

"Cike da hannu, Goggo."

Tsohuwar ta ja tsaki. "Sakarkaru. Saniyar da ta ƙoshi da kanwa ai ƙishirwa za ta hana ta tahiya. Ki ce a duba tabkin da ke bayan dutse, hanyar Sabuwa, can za su toge. Ni ban taɓa ba su abin da ya wuce lasa guda ba."

Hannun Goggo ya tsaya a cikin ƙwarya. Suka dubi juna. Can sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, Barakatu kuma ta ɗauki gyalenta ba ta ƙara tambaya ba.

Kafin la'asar aka koro shanun bakwai, tare da wasu baƙi biyu da aka samu a bakin tabkin suna ta jibgar dabbobin da suka ƙi motsi, motarsu ta katako tana jira a kan titi. Ashe a kasuwa baƙin suka ji labarin Nana a bakin yara. Alhaji Rabo ya ƙirga shanunsa sau biyu, bai ce mata ko sannu ba.

"To, ya aka yi kika san wurin?" mai gari ya tambaya, har yanzu yana mata kallon rashin yarda.

"Haka na tsara a kashi na biyu, ranka ya daɗe. Ban kai ga karanta wa yara ba."

Ya juya littafin, ya miƙa mata. Tana saka takalmi a ƙofar zaure Baba Gide ya dogaro sandarsa ya tsaya kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwar da ke gidanki, daga Pauwa take ko?"

Barakatu ta ci gaba da saka takalminta.

"Ki gaishe ta," ya ce. "Ki ce mata shekara arba'in muna neman namiji."