Ruwan da Ya Kwana a Motar Baba Orrin

Ranar Talata ce a tsakiyar Oktoba, rana ta fito tas amma iskar da ke kaɗowa daga gonakin alkama tana cizon kunne. Ina kwance a ƙarƙashin motar Baba Orrin, ruwan tsatsa na ɗiga mini a wuya, shi kuma yana tsaye a kaina da kofin shayinsa.

"Hagu, Wade! Hagu ake kwancewa. Ko wannan ma ba su koya maka ba kafin ka gudu daga makarantar?"

"Ba gudu na yi ba, Baba. A hankali na fito."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Orrin Halvorsen maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. A rumbun hatsin garinmu ya yi aiki har ya tsufa. Motar tasa koriya ce shar, ƙirar 1964, doguwa kamar kwalekwale, tana garejinsa tun rasuwar matarsa. Ciwonta ɗaya, zafi. Ko ƙarshen layi ba ta kaiwa sai ta fara tururi. Ni kuwa lokacin ba aiki ba makaranta, sai zagayen gari. Wata rana ya kira ni ta saman katanga.

"Kai, zagayen nan naka na sa ni jiri. Zo mu gyara ta. In ta daina zafi, kai za ka tuƙa ni Oregon wajen ƙanwata Thora. In gan ta, kai ka ga teku."

Ban taɓa fita daga jiharmu ta Dakota ta Arewa ba. Duk bazarar nan a garejin na ƙare ta. Muka sa sabon lagireto, sabon famfon ruwa, muka canza tiyo duka. Ranar Talatar ce aka gama. Ya jawo mesar ban-ruwan lambu ya cika ta da ruwan famfo zalla.

"Ba za mu sa koren ruwan ba?" na tambaya. Shi ne ruwan da ke hana daskarewa.

"In zuba mai tsada ya tsiyaye a ƙasa? Bari ta kwana da wannan mu ga ko akwai yoyo, ya kuma kwaso sauran tsatsa. Asabar mu zubar. Amma ka riƙe wannan: kada sanyi ya riske ta da shi a ciki. Ruwa in ya daskare, ƙarfe ma fasa shi yake yi."

Ya tayar da ita. Muka tsura wa allurar zafi ido, ta hau tsakiya ta tsaya cak. Baba Orrin ya daɗe a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari.

Ranar Alhamis labulensa bai ɗaga ba. Lorna, dattijuwar da ke tsallaken titi, ita ta shiga da makullin da ya ba ta ajiya. A kujera ta same shi ya rasu, taswirar hanya a cinyarsa.

Jikansa Curtis ya iso daga Arizona, ƙasar zafi, ranar Juma'a. Can aka haife shi, sau biyu kawai na taɓa ganinsa. Kafin ya shiga gidan ma sai da ya maƙala sabon kwado a ƙofar gareji, don an gaya masa motar nan dukiya ce.

Asabar aka yi jana'iza. A ɗakin ƙasa na coci, mutane na cin dankali da nama, rediyon kicin ya ce sanyi mai tsanani zai sauka daren Lahadi. Na sami Curtis a bakin tukunyar kofi.

"Don Allah ka buɗe mini garejin, ko na minti goma. Akwai ruwa a motar."

"Ruwa? Abokina, wace mota ce babu ruwa a cikinta?"

"Ruwan famfo ne. Zai daskare ya fasa injin."

Ya dube ni daga takalmi har hula. "Kai ne na uku yau. Ɗaya ya ce kakana ya yi masa alkawarinta, ɗaya ya ce ruɓaɓɓiya ce zai taimaka ya ɗauke mini. Taka dabarar ta fi tasu, gaskiya."

Lorna ta sa baki. "Ɗan nan, ka saurare shi. Nan ba garinku ba ne, nan ko tafki daskarewa yake."

"A cikin gareji take, Mama, ba a waje ba. Laraba dillali zai zo, makulli na wajen lauya."

Lahadi da safe ya hau jirgi. Na kira shi har wayar ta daina shiga. Ofishin lauya a rufe. Na ɗauko babban almakashin ƙarfe, mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa.

"Taɓa kwadon nan ka gani. Ka manta gargaɗin da alƙali ya yi maka bara?"

Na ajiye. Da yamma na cusa tsofaffin barguna a ƙarƙashin ƙofar garejin, na manna kwali a taga, ina sane ba abin da za su hana.

Litinin da sassafe ciyawa ta yi fari, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Na ɗaga kwalin, na goge gilashin da hannun riga. Ba a ganin komai sai bayan motar.

Laraba dillalin ya zo, lauya ya buɗe masa garejin. Ya ɗaga murfin inji, ya haska tocila, ya yi tsaki. "Wane mahaukaci ne ya bar ruwa a ciki?" Ya rufe ya koma motarsa.

Na tsuguna na duba da kaina. Injin ya tsage daga gefe, tsawon tafin hannuna. Sabon lagireton ya kumbura ya fashe. Famfon ma ya tafi. Thora ba ta ga yayanta ba, ni ban ga teku ba. A kan shiryayye jarkoki biyu na koren ruwa suna nan ko buɗe su ba a yi ba, kusa da kofin Baba Orrin, ragowar shayin ya daskare a ciki.